Tarakta ba ta da fulogi, daina nema

Yarona na ga saƙonka tun la'asar, hannuna ne duk baƙin mai shi ya sa sai yanzu. Ka ce ka duba taraktar nan Massey Ferguson da aka jawo mana daga gona a nan Gadarif ka nemi fulogi, wato buji da Larabci, ba ka gani ba, to me ke kunna man, kuma ko hita, wato abin ɗumama inji kafin ya tashi, ita ce fuloginta? Wallahi na ji daɗin tambayar nan, don wanda bai gane wannan ba ko ya shekara goma a gareji lalube kawai yake.

Motar fetur ita sai an kyasta mata wuta. Iska da mai su haɗu, fistin ya matse su kamar sau 8 zuwa 12, fulogi ya ba da tartsatsi, shikenan. Ka riga ka san wannan.

Injin dizal kuwa, irin na taraktar nan, iska zalla yake shaƙa, ba ko ɗigon mai. Sai fistin ya hau ya matse ta sau 15 zuwa 22, ka tuna in ka daɗe kana buga famfon keke yadda gindinsa ke zafi har ka kasa riƙewa? to haka ne, amma nan zafin ya wuce digiri 500, kuma a daidai wannan lokacin nozul ke fesa man siriri kamar hazo, yana taɓa iskar nan sai ya kama da kansa ba wanda ya kyasta masa. Bajamushen nan Rudolf Diesel ne ya fito da dabarar, injinsa ya yi aiki sosai a 1897, sunansa ne ma man ya ɗauka. Wannan matsin ne ya sa kake ganin bulok ɗinsa da kauri da nauyi, shi ne kuma ƙarar nan kwas kwas da kake ji.

Hita ba fulogi ba ce ɗana. Aikinta da sanyin safiya ne kawai, irin na Janairu, lokacin da ƙarfe ya yi sanyi yana shanye zafin iskar, sai ta ɗan ɗumama wurin na 'yan daƙiƙu injin ya tashi. Fulogi kuwa muddin inji na juyawa yana ta kyastawa. Gobe in tsohuwar taraktar nan ta tashi ka kashe makulli ka gani, za ta ci gaba da aiki abinta, sai ka ja maɓallin nan da ke datse mai sannan ta mutu.

Saboda haka in dizal ya ƙi tashi alhali sitata na juya shi da ƙarfi, kar ka tafi bin wayoyi. Tambayi kanka matsin ya kai? mai na isowa nozul ko iska ta shiga layi? lokacin fesawar daidai ne? Farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai, man ya shiga bai ƙone ba, sau da yawa ring ya cinye ko bawul na hura. Baƙin hayaƙi kuma fara duba filtar iska, lokacin girbin dawa da riɗi ƙura ke toshe ta, na sha buɗe filta in zazzage ƙaiƙayi kusan cikin tafi.

Abu biyu nake roƙonka don Allah. In muna gwada nozul kar ka kuskura ka tara hannu a gabansa, feshin nan yana huda fata ya shiga nama, a injinan zamani ma ƙarfinsa na kai bar 2000 a ma'aunin matsi. Na biyu sunan mai, nan Sudan dizal shi ake kira jazulin ko jaz, fetur kuma banzin, baƙi da yawa na rikicewa. Ka shinshina jarka kafin ka zuba, don fetur ba shi da maiƙo, famfon dizal kuma da man da kansa yake samun santsi, in ka zuba masa fetur ya cinye kansa kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo bayan asuba da sifana 17, tare za mu fitar da iskar layin, kai za ka sassauta layin, ni kuma in juya injin.