Ga ɗan'uwan da cibiyar sana'o'i ke yi wa je-ka-ka-dawo

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kana aji uku, kana da sana'ar da kake son kafawa, cibiyar koyar da sana'o'i ta jami'arku kuma kullum sai dai a ce ka dawo gobe, shi ne kake tambaya ko jami'a na taimakon mai son dogaro da kansa ko duk suna ne kawai. Wallahi kamar labarina ka rubuta.

Taimako akwai, amma da wuya ka same shi a teburin mutum ɗaya. Bari ka ji nawa.

Ni da abokina na'urar busar da amfanin gona da zafin rana muka ƙera. Kodinetan cibiyarmu ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ce mu kawo masa tsarin kasuwancin gaba ɗaya, har da zane da lissafin kuɗi, zai saka mu a gasar da za a ba da jari. Muka miƙa masa. Tun daga ranar ya zama ba ya zama a ofis. In ka kira, yana taro. In ka tare shi a bakin mota, ya ce ana kan aiki. Ranar gasa muka shiga zauren, babu sunanmu a jeri. Muna zaune can baya sai ga wasu ɗalibai da yake duba wa firojet sun hau dandamali, hoton farko da suka haska zanenmu ne. Ko kuskuren rubutun da abokina ya yi a cikin lissafin ba su gyara ba! Jama'a na tafi, shi kuwa yana sahun gaba yana gyaɗa kai yana murmushi. Jikina rawa yake, sai da abokina ya danne min gwiwa don kada in miƙe. Da aka tashi na samu kodinetan, ya dube ni sama da ƙasa ya ce tunani ba na mutum ɗaya ba ne, kuma in tuna ban gama karatu ba. Kai ma ka san me yake nufi. Na bar shi da Allah, amma har yau in na tuna murmushin nan abinci fita raina yake.

Don haka, don Allah, duk abin da za ka ba wani ka tura ta imel, kwanan wata ya zauna, ka sa wani malamin da ka yarda da shi a ciki. Ka kuma nemi dokar jami'arku kan haƙƙin mallakar ƙirƙira ka karanta, domin jami'o'i da yawa suna da rabo a abin da aka ƙera da kayansu. Ko fasahar da aka gina Google a kanta, jami'ar Stanford ce ta riƙe haƙƙinta, aka ba ta hannun jari a kamfanin, ta sayar a 2005 kan dala miliyan 336. Bambancin shi ne can a rubuce aka yi, kowa ya san nasa.

Kwas ɗin kasuwanci da ake yi don maki, ka ci shi ka wuce. Abin da ya amfane ni shi ne katin shaidar ɗalibi. Da shi na shiga wokshop da ɗakin gwaje-gwaje ban biya ko sisi ba, kuma ma'aikatan da ke kula da injuna sun koya min abin da ba a faɗa a aji. Ka girmama su, ka riƙa gaishe su. Ranar da ka gama, ƙofofin nan rufewa suke.

Jari kuwa ka duba waje. Gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 take ba matasan Afirka horo da dala 5,000, a farkon shekara ake buɗe fom, kuma kai da kanka za ka cike, ba sai wani ya sa maka hannu ba. Akwai gasar Hult Prize ta ɗalibai, babbar kyautarta dala miliyan 1. In akwai reshen Enactus, ƙungiyar ɗalibai masu harkar kasuwanci, a makarantarku ka shiga, ko don ka koyi tsayawa gaban mutane ka yi bayani. Ka nemi tsofaffin ɗaliban sashenku da suka kafa nasu, wani da waya ɗaya zai haɗa ka da mai saye.

Af, kuma abokin haɗin gwiwa. Ku rubuta rabon kowa tun babu ko kwabo, saboda na ga amintaka ta mutu a kan tallafin da bai ma shigo ba. Kada kuma ka bar karatu. Iyayenmu takardar nan suke jira, in maki ya faɗi sana'ar za su fara tsana, ba za su ƙara saurarenka ba.

Wace irin sana'a ce ma? Kada ka zayyana ta a nan, mutane sun yi yawa. Ka yi min magana ta gefe in duba maka tsarin kafin ka kai wa kowa. Allah Ya dafa maka.