Kowane yaro ya zo da na'urarsa: me makaranta za ta tanada, me uba zai saya?

Tambaya: Ni shugabar wata firamare ce mai zaman kanta a Kaduna. Ba mu da ƙarfin sayen kwamfutoci, shi ne wasu iyaye suka kawo shawarar yara su riƙa zuwa da waya ko tabilet daga gida. Ta ina za mu fara?

Amsa: Hajiya, fara da malamanki kafin iyaye su ji komai. Kowane malami ya rubuto darasi uku da zai yi da na'urar a zango ɗaya, ya faɗi abin da za ta yi wanda allo da alli ba su yi. Idan takardun suka dawo fayau, a dakata tukuna. Idan sun cika, a gwada da aji 4 zuwa 6 kawai, kwana biyu a mako, minti 40. 'Yan aji 1 zuwa 3 a bar su da fensir, hannunsu bai gama faɗawa ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne a ce "kowa ya kawo abin da ya samu". Ranar farko za ki tarar da na'ura iri 30 a aji guda: wannan ta ƙi buɗe manhaja, waccan memorinta ya cika da bidiyon biki, ta can kuma kira ke shigowa ana neman maman yaro. Malami zai ƙare darasin yana gyaran waya. Don haka ki sa ƙa'ida a rubuce: fuska daga inci 8, RAM (memorin da na'ura ke aiki da shi) aƙalla 3GB, ma'adana 32GB, batir mai kai awa biyar, kuma ba layi a ciki. Ku zaɓi darussan da ke buɗewa a burauza, don mai Android da mai iPad su ga abu ɗaya.

Data kuwa ba dole ba ce. Akwai manhajar Kolibri ta ƙungiyar Learning Equality, kyauta ce, an yi ta ne don wuraren da ba intanet. Ana sa ta a laftof guda, a sauke darussa sau ɗaya, a haɗa laftof ɗin da rauta (na'urar da ke raba Wi-Fi), yara su shiga ta Wi-Fi na makaranta. Ba kuɗin data, ba kuma ƙofar da yaro zai zille zuwa TikTok. Sai dai rautar gida ba a yi ta don yara 30 su buɗe bidiyo lokaci guda ba, sandarewa take yi. A sa wa kowane aji tasa, a ja mata kebul daga laftof ɗin da ke ofis. Kafin a sayi rauta a duba: tabilet masu araha da yawa Wi-Fi na 2.4GHz kaɗai suke gani, shi kuma 5GHz, duk da saurinsa, ba ya ƙetare bangon bulo da kyau.

Caji doka ce a yi shi a gida, amma kin san halin wutarmu, kullum sai an sami masu zuwa da batir a mace. Caja 30 masu wat 10 wat 300 ne kacal, ƙaramar inbata ma za ta ɗauka. Haɗarin yana wajen cajojin bogi da ake jerawa a soket ɗaya har ya yi zafi. A sayi tashar caji mai baki shida, ta zauna a kabad ɗin malami, malami kaɗai ke taɓa ta.

Sai yaron da gidansu ba hali, kuma ko a makarantar kuɗi akwai shi. A tsara aikin bibbiyu, makaranta ta ajiye na'ura biyar ko shida na aro, kuma kada a ba da aikin gida da sai da na'ura zai yiwu.

Takardar yarjejeniya ta zo a ƙarshe. Ta faɗi wa zai biya idan fuska ta fashe ko na'ura ta ɓata, a rubuta lambar jikin kowace a rajista, a kulle su lokacin tara, a hana ɗaukar hoton wani yaro. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta amincewar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, saboda haka sa hannun nan ba ado ba ne.

Tambaya: Makarantar 'yata, 'yar aji 4, ta ce ta zo da na'ura zango mai zuwa. Ina da tsohuwar wayata a ajiye. In ba ta ita, ko in sayi irin tabilet ɗin yara mai rigar roba? Daga wani uba a Kano.

Amsa: Malam, kada ka taka kasuwa sai makaranta ta ba ka sunan manhajar da ƙa'idar na'urar a rubuce. Tsohuwar waya za ta iya fitar da kai zangon gwaji idan sun yarda, amma fuskar inci 6 ta yi wa karatu kaɗan. Idan ita za ka bayar, zare layin, ka goge ta tas ta koma yadda ta fito daga kamfani, kada manhajar bankinka da WhatsApp ɗinka su tafi makaranta a jakar yarinya.

Tabilet ɗin yara kuwa, sau da yawa rigar ce mai kyau, cikin ba komai. Kada ka yarda da rubutun kwali. Idan an rubuta "4+4GB", rabin na biyu aro ne daga ma'adana, RAM na gaske 4 ne, wani lokacin ma bai kai ba. Kunna ta a gaban mai shago, ko a kasuwar waya ta Fam Santa ne ko ina, ka shiga saiti ka ga wace Android ce a kai, ka tabbatar Play Store na buɗewa, ka sauke manhajar makarantar nan take. Wadda ta ɗau zafi ko ta tsaya cak a minti goma, ajiye masa kayansa. Mun fi son tabilet ta manya, inci 8 zuwa 10, ta kamfanin da masu gyara ke da fuskarsa a shago, ka ƙara mata riga mai kauri da gilashin kariya, domin fuska ce ke fara tafiya.

Idan ta hannu ce, mai ita ya cire asusunsa na Google ko iCloud kana kallo, in ba haka ba ranar da aka goge ta za ta kulle ta nemi kalmar sirrinsa. Ka kwantar da ita a tebur: idan tana lilo ko bayanta ya ɗago, batir ya kumbura.

Da ka kawo ta gida, buɗe wa yarinyar asusunta ta Family Link, manhajar Google ta sa ido ta iyaye, tunda ba ta kai shekara 13 ba. Daga wayarka za ka amince da kowace manhaja kafin ta sauka, ka sa mata awannin amfani, ka saita ta kulle kanta da ƙarfe takwas na dare.