Tambaya da Amsa: Ɗinkin Sallah ya sha kaina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne, keke biyu gare ni da yaro ɗaya. Duk azumi kaya sai su taru min, in yi ta kwana a shago, amma ranar jajiberi sai wani ya zo ya tarar ko yanka nasa ban yi ba. Bara har shaddar wani na ɗinka da awon wani. Yaya zan tsara aikina?
Mai karatu daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tun wurin karɓar kaya ɓarnar take farawa. Kafin watan ya kama, yi sati guda kana rubuta riga da wando nawa kuke gamawa a yini, har guga. Mu ɗauka uku ne. Lissafa azumi kwana 29, kada ka sa ran na 30. Cire Juma'a huɗu, cire kwana uku na ƙarshe don gyare-gyare da masu zuwa karɓa. Saura 22, sau uku, 66 ke nan. Da kaya sun kai haka, rufe littafi. Babbar riga a ƙirga ta a matsayin biyu ko uku. Rufe littafin ne mafi wuya, don maƙwabci zai zo, suruki zai aiko, kunya ta hana ka cewa a'a. Bar gurbi biyar saboda irinsu tun farko.

Rikicewar awo kuwa maganinta lamba. Kowane kaya ya samu shafinsa: suna, awo, irin ɗinki, kafin alƙalami, ranar karɓa. Yanko ɗan ƙyalle daga gefen yadin ka manna a shafin, sannan ka rubuta lambar da alli a bayan yadin da kuma jikin ledarsa. Farar shadda goma in suka haɗu kan tebur, ido ba ya rarrabe su. Ranar da za ka faɗa wa mai kaya kuma ta zarce wadda ka sa wa kanka da kwana biyu.

Kada ka ɗauki riga ɗaya tun daga yanka har maɓalli. Yi yankan yini duka da sassafe, lokacin da kai ke sarari, domin kuskuren almakashi ba ya gyaruwa. Daga hantsi zuwa azahar a hau keke, a jera masu launi ɗaya don rage sauya zare. Bayan la'asar jiki ya mutu, sai a bar wa yaro maɓalli da tsince zare. Guga a tara shi sai an kawo wuta.

Duk rigar da za ta je wurin mai aikin wuyan riga ita za a fara yankawa, ko da daga baya aka kawo ta, don shi ma layi ne a gabansa. Zare, allura, sitati da man keke a saye su tun Sha'aban, kada ka rufe shago rabin yini saboda zif ɗaya.