Ku Tambaya Mu Amsa: Awaki 20 sun koma 28 a jadawali

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. An ba mu aikin ƙididdiga a jami'a, na auna nauyin jajayen awakin Maradi guda 20 a kilo, ga abin da na samu: 25, 22, 28, 19, 27, 24, 31, 26, 25, 23, 30, 22, 27, 33, 24, 28, 21, 26, 29, 25. Na kasa su rukuni biyar, 19 zuwa 22, 22 zuwa 25, har 34. Da na haɗa jimilla sai ta ba ni 28. Ina kuskuren yake? Daga wata ɗaliba, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴarmu. Rukunanki lafiya lau suke, a kan iyaka kika yi tuntuɓe. Akuya mai kilo 22 kin ƙirga ta a rukunin farko, kin kuma ƙirga ta a na biyu. Ki duba da kyau: 22 biyu ne, 25 uku, 28 biyu, 31 ɗaya. Takwas ke nan, su ne rarar da kika gani.

Maganin shi ne kowane rukuni ya ɗauki lambarsa ta ƙasa ya bar ta sama. Shi ya sa a makarantunmu ake rubuta [19 ; 22[ da bakin ƙarshe a buɗe, wato 19 tana ciki, 22 ta rukunin gaba ce. Kafin ƙirga ki jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, ki riƙa zana sanda ɗaya wa kowace akuya kina soke lambarta, ta biyar ki gitta ta kan huɗun. Ga abin da zai fito:

[19, 22[ awaki 2, kashi 10 cikin ɗari
[22, 25[ awaki 5, kashi 25
[25, 28[ awaki 7, kashi 35
[28, 31[ awaki 4, kashi 20
[31, 34[ awaki 2, kashi 10

Jimilla 20, kason kuma 100 cif. In kin ƙara layin tari, wato ki riƙa tara yawan kowane rukuni a kan na waɗanda suka gabace shi, zai tafi 2, 7, 14, 18, 20, nan take mai kiwo zai gane awaki 14 ba su kai kilo 28 ba.

Rukuni biyar ɗin ma daidai ne, ko da dace kika yi. Tazarar 33 da 19 ita ce 14. Ƙa'idar fitar da yawan rukunai da masanin ƙididdiga Herbert Sturges ya kawo a 1926 ta ce a ninka log (logarithm mai tushe 10) na yawan abin da aka auna da 3,3 a ƙara 1. A kan 20 tana ba da 5 da ɗan ɗoriya. Raba 14 gida biyar, 2,8, sai a cika shi 3, shi ne faɗin kowane rukuni. Kullum sama ake cikawa. Da kin sauko zuwa 2, rukuni na biyar zai tsaya a 29, manyan awakin su rasa wurin shiga. Ƙa'idar dai jagora ce, amma in rukunai sun yi yawa wasu su zama fanko, in sun yi kaɗan komai ya dunƙule a rasa gane inda nauyin ya taru.

Saura abu ɗaya da muke so ki kula da shi ƙwarai, don nan ne ɗalibai suka fi asarar maki. In za ki fitar da matsakaici daga jadawali, da tsakiyar rukuni ake aiki: 20,5 da 23,5 da 26,5 da 29,5 da 32,5. Ninka kowace da yawan awakinta, ki haɗa, 527 ne, a raba da 20 ya ba da 26,35. Amma ainihin lambobinki jimillarsu 515, matsakaicinsu 25,75. Daga ina bambancin? Kin rubuta nauyin da cikakken kilo, don haka rukunin [22, 25[ ba abin da ke cikinsa sai 22, 23 da 24, tsakiyarsu kuwa 23 ce. In kin yi aiki da 20, 23, 26, 29 da 32, za ki samu 25,85, ya matso ƙwarai. Ki rubuta a ƙasan jadawalin wace tsakiya kika ɗauka da dalili, kuma ki adana takardar awon farko ki haɗa ta da aikin in za ki miƙa wa malaminku.