Tambaya da Amsa: Mun raba gwaje-gwaje gida huɗu, yanzu sai faɗuwa suke yi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna gina manhajar kama wa alhazai ɗaki da Python. Duk wanda ya tura gyara sai ya jira minti 40 kafin gwaje-gwajen da ke duba ko manhajar na aiki daidai su kammala. Muka saka pytest-xdist, kayan aikin da ke raba gwaje-gwaje su gudana lokaci guda, muka ba shi -n 4. Lokaci ya ragu, amma yanzu biyu ko uku na faɗuwa, in an sake kunnawa su wuce, wasu kuma su faɗi. Mu koma yadda muke a da? Mai karatu daga Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ku koma. Ciwon tun can yana jikin gwaje-gwajen, bin layi ɗaya bayan ɗaya ne ya rufa musu asiri.

Idan ka ce -n 4, ma'aikata huɗu ake tayarwa a cikin kwamfutar su raba gwaje-gwajen, gw0 zuwa gw3. Kowanne yana da ƙwaƙwalwarsa, amma duk abin da ke waje tare suke cin moriyarsa: rumbun bayanai, fayiloli, Redis (wani rumbun ajiya mai sauri), da lambar ƙofar saba (wato port, inda ake bi a yi magana da saba). Ka ɗauka wani gwaji ya ajiye ɗaki mai lamba 12 zai duba ko ya shiga. Kafin ya waiwayo, gwajin da ke hannun gw2 ya share teburin don ya fara nasa aikin. Na farko ya faɗi, ba laifinsa. Gobe rabon ya canza, sai wani ya sha kashi.

Maganin shi ne kowa da kwanonsa. Sunan ma'aikaci yana cikin saitin da ake kira PYTEST_XDIST_WORKER, sai ku liƙa shi a ƙarshen sunan rumbu, a samu na gw0 daban, na gw1 daban. In da Django, tsarin gina manhajar yanar gizo da Python, kuke aiki, pytest-django yana yin wannan da kansa. Redis yana zuwa da rumbuna 16, daga 0 zuwa 15, a ba kowane ma'aikaci lambarsa. Fayil kuwa a daina rubuta shi a folda ɗaya, a yi amfani da tmp_path, mai ba kowane gwaji foldarsa ta wucin gadi. Gwajin da ke tayar da saba kada ya nace sai ƙofa 8000. Ya nemi 0, kwamfuta za ta zaɓa masa wadda babu kowa a kai.

Akwai tarkon da ya fi kama masu aiki a Saudiyya. Gwaji ɗaya ya mayar da saitin kalanda zuwa ta Ummul Ƙura, wato kalandar Hijira ta Saudiyya, a rumbun da kowa ke karantawa, ɗayan kuma yana jiran kwanan watan Miladiyya. Saƙon kuskuren ba zai ambaci kalanda ba, kwanan wata kawai za ka gani ya kauce, ka wuni kana laluben inda ba nan ba.

Wasu gwaje-gwajen kuma sun dogara da abin da na gabansu ya bari. Ku saka pytest-randomly ya hargitsa jerin, ku kunna da ma'aikaci ɗaya. Wanda ya faɗi, shi ne. Kafin a gyara su, --dist loadfile zai tura duk na fayil guda wurin ma'aikaci guda. Sake kunna wanda ya faɗi har sai ya wuce kuwa, ba ma ba da shawararsa. Wata rana kuskuren gaske ne zai bi ta nan ya wuce.

Tambaya: Malam, daga ma'aikata 4 muka koma 16 amma bambancin bai taka kara ya karya ba. Me ya sa? Mai karatu daga Riyad.

Amsa: Lissafi ne da masanin kwamfuta Gene Amdahl ya bayyana tun 1967. A ce cikin minti 40, goma na tafiya wurin sauke kayan aiki da gina rumbu, talatin na gwaji. Ma'aikata 4 za su kawo ka minti 17 da rabi, 16 kuma kusan minti 12, kuma ko dubu ka zuba ba za ka sauka ƙasa da 10 ba. Wannan ma in injin yana da ƙwayoyin firosesa 16 ke nan. In huɗu ne, ragowar layi kawai suke bi suna cin RAM, wato ƙwaƙwalwar injin. -n auto yana daidaita adadin da ƙarfin injin.

Ka kuma lura, shirin da aka ce a yi shi sau ɗaya a kowane zagayen gwaji, kowane ma'aikaci sai ya maimaita nasa. Ga rumbun bayanai na PostgreSQL da ke zuwa da iyakar haɗi 100: ma'aikata 16, kowanne da haɗi 10, an riga an wuce ta. Ka fara da --durations=10 ka ga goman da suka fi jan ƙafa, domin gwaji ɗaya mai minti shida zai riƙe kowa har ya gama. Sannan ka adana kayan da ake saukewa kada a riƙa ɗauko su daga intanet kowane zagaye.