Amsa kan auna dalma da arsenik a gaurayen nikel

Malam, ka tambaya ko na'urar XRF ta hannu, wadda ke gano sinadaran ƙarfe ta hanyar haska shi da X-ray, za ta iya auna ɗan burbushin dalma da arsenik a gaurayen nikel. Gaskiya idan adadin ya sauka zuwa kashi ɗaya ko biyu cikin miliyan, ba aikinta ba ne. Na'urar ɗakin gwaji mai suna ICP-MS kake buƙata, ita tana gano har kashi ɗaya cikin biliyan.

A aikin ICP-MS ana narkar da ƙarfen a asid, a fesa ruwan cikin wutar iskar argon mai zafin kusan digiri 6000, sannan na'urar ta rarrabe ƙwayoyin zarra bisa nauyinsu. Inda gizo ke saƙa shi ne asid ɗin. Gaurayen nikel sau da yawa sai an haɗa da asid na haidirokulorik kafin ya narke, to kulorin da ke cikin asid ɗin yana haɗuwa da argon su ba da nauyi 75, daidai na arsenik, sai sakamako ya kumbura. Maganinsa a kunna ɗakin karo na iskar hiliyom, wato sashen na'urar da ke tace haɗin kulorin da argon ɗin. Ka kuma tsinka ruwan sosai, narkakken ƙarfe kada ya wuce kashi 0.2 cikin ɗari, ka zuba sanannen adadi na ƙarfen indiyom a matsayin ma'aunin da za a daidaita sakamako da shi.

In kuna da GD-MS, wata na'urar da ita ma ke rarrabe ƙwayoyin zarra bisa nauyinsu, ya fi sauƙi, don kai tsaye ake auna guntun ƙarfen ba narkarwa.