Harafi ɗaya, furuci da yawa: yaya ake karanta Japananci da Sinanci a bayyane?

Tambaya: Na fara koyon Japananci, sai na tarar harafi ɗaya yana da furuci uku ko huɗu. Ta yaya ake gane wanda za a faɗa? Haka abin yake a Sinanci?

Amsa: Ma'ana ce ke zaɓar furuci. Sai ka gane kalmar kafin ka buɗe baki, kamar "gari" a rubutun boko: jimla ce ke nuna ko na zama ne ko na tuwo.

Japanawa sun aro haruffan kanji daga ƙasar Sin tare da furucinsu, wato on'yomi, sannan suka ɗora musu kalmominsu na gida, kun'yomi. Shi ya sa 生 yake sei a 学生 gakusei, ɗalibi, amma u ne a 生まれる umareru, a haifi mutum. Ƙa'idar da ake fara koya ita ce, haruffa biyu a haɗe galibi on'yomi ne, harafin da kana (haruffan Japananci masu nuna sauti kawai) ke biye da shi kuma kun'yomi. Tana da amfani, sai dai ba ta kai mutum gaci. Dubi 一日: tsuitachi ne idan ana nufin ɗaya ga wata, ichinichi idan yini guda ne. 人気 ninki ne, farin jini, amma hitoke idan ana nufin alamar akwai mutane a wuri. Ita kuwa 大人 otona, babban mutum, ba ta rabuwa gida biyu, a dunƙule ake haddace ta.

Likitoci sun ga hakan a zahiri. Masu cutar mantuwar da ke cinye ma'anar kalmomi kan karanta kana lafiya lau, amma idan suka ci karo da kalmar kanji mai baƙon furuci, sai su ba kowane harafi furucin da aka fi sabawa da shi.

A Sinanci da sauƙi, domin yawancin haruffa furuci ɗaya gare su. Masu biyun ne ke kayar da mutum: 行 xíng ne a tafiya, háng a 银行, banki; 长 cháng ne, dogo, zhǎng kuma girma. 重 zhòng ne, nauyi, amma birnin 重庆 Chóngqìng ake cewa.

Don haka kada ka ɓata lokaci kan haddar jerin furucin harafi shi kaɗai. Haddace kalma a cikin jimla, ka kai ƙarshen jimlar da ido kafin ka ɗaga murya, ka nemi littattafai masu furigana, ƙananan kana da ake rubutawa a saman kanji. Sunan mutum kuwa tambayi mai shi, ko Japanawa haka suke yi.